Sunan da Kaka Aune Ta Goge

A ƙauyensu, can gabas da garin Kajaani, a arewa mai dusar ƙanƙara, in Disamba ya kama, ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya sauka. Riikka na zaune a teburin kicin, kwamfuta a gabanta, kofi ya huce a gefe. Mijinta Ilkka na jera itace kusa da murhu, 'yarsu Sohvi mai shekara goma sha huɗu tana aikin makaranta. Babu mai cewa uffan. A gidan nan shiru ba faɗa ba ne, zaman lafiya ke nan.

Sai wani abu ya faɗo a kan rufi. Ya gangaro a hankali, ya faɗa ƙasa.

Ilkka ya ɗauki tocila ya fita. Ya tarar da baƙin dutse kamar dunƙulen hannu ya nutse cikin dusar ƙanƙara, tururi na tashi a jikinsa. Ya san dutsen. Daga murhun tsohuwar sauna yake, ɗakin wankan tururin da ke bakin tafki, wanda rabon da a hura masa wuta tun ranar Asabar. Ya koma ciki ya ce, "Dutse ne." Bai ƙara ba, don ko a ranar aurensa bai yi magana fiye da haka ba.

Aikin Riikka shi ne gina manhajar da mutane da yawa ke rubutu tare a shafi ɗaya ta intanet. A watan nan aka ce ta ƙara maɓalli biyu, na fitar da takarda a matsayin fayil da na tura ta ga wasu. Masu irin aikinta ba sa son gwaji da rubutun banza, sun fi son na gaske. Don haka ta ɗauko littafin da mahaifiyarta, Kaka Aune, ta rubuta a cikin manhajar kafin rasuwarta bara, tarihin gidan da gonar. Ranar Litinin, da safiyar ranar da dutsen ya faɗo, ta fitar da shi, ta tura wa dangi mutum bakwai, tana murna.

Abin da ta manta shi ne, irin wannan manhaja ba ta jefar da abin da aka goge. Ɓoye shi take yi, don kada rubutun mutum biyu ya yi karo. Sabon maɓallin nata ya kwaso komai, har da ɓoyayyen. Sai da fayil ya tafi ta karanta, ta ga layuka biyu da tsohuwar ta rubuta ta goge. Ɗaya yana cewa, "Riikka, ban taɓa gaya miki ba, ranar da kika dawo gida da zama ita ce ranar da na fi farin ciki a duniya." Aune ba ta taɓa furta irin wannan da bakinta ba. Riikka ta yi ta mayar da tarihin shafin baya tana kallon haruffan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna tsayawa, suna ɓacewa, kamar uwar tana raye a bayan allon. Layi na biyu kuwa suna ne, baƙon suna, an rubuta a gefensa: "Mai sauna. Shi ake bar wa ludayin ruwa na ƙarshe."

Washegari da duhu ya sauka duwatsu uku suka faɗo. Daga bakin tafki aka riƙa jin ƙarar ruwa yana zuba a kan dutse mai zafi, alhali ƙofar a kulle take. A allon Riikka kuma, wani ɗan layi mai ƙyaftawa ya bayyana, ba sunan kowa a kansa, ya je ya tsaya a inda aka goge sunan, bai motsa ba.

Rana ta uku Riikka ta kira, "Sohvi, zo ki ci abinci." Yarinyar ba ta waiwayo ba. Tana zaune a ƙasa, gumi na ɗiga daga gashinta, jikinta na ƙamshin hayaƙin itace. Aka kai ta asibiti, likita ya auna ko'ina ya ce bai ga komai ba. Tana ci, tana tafiya, amma ko sau ɗari aka kira sunanta, kamar da bango ake. Tsoro ya kama Riikka irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ilkka ne ya tuƙa mota ya ɗauko Gwaggo Kerttu, tsohuwa mai yi wa mutane ƙaho a sauna, wadda ta haddace tsofaffin waƙoƙin magani tun daga bakin kakarta. Ta shigo ta sha kofi kofi biyu tukuna, sannan ta dubi Riikka.

"Ke 'yar Aune, me kika fitar daga gidan nan?"

"Fayil ne kawai, Gwaggo."

"Kawai. Duk ku masu boko abinku kawai ne. Ilkka, je ka hura wuta."

Suka shiga saunar da hasken rana na ƙarshe. Kerttu ta zaunar da yarinyar a benci na ƙasa, ta zuba ludayi ɗaya a kan duwatsu, ta yi waƙarta ƙasa-ƙasa. Tururi ya cika ɗakin. Sannan bakin Sohvi ya buɗe, muryar da ta fito ta tsohon namiji ce, mai kauri, a hankali.

"Ina nan tun kafin a sare itacen ɗakin nan."

"Mun sani, mai gida," in ji Kerttu. "Me yarinyar ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba. Aune na ba sunana, ita kaɗai, da sharaɗin ba zai ƙetare ƙofa ba. Yanzu yana gida bakwai. Kun ɗauki nawa, na riƙe nata."

"Faɗi abin da kake so."

"Su tashi su bar min wurin."

Kerttu ta yi tsaki. "Ka ji ka! Wa zai hura maka wuta ranar Asabar? Tsoho da kai, sanyi kake so? Faɗi wani abin."

Duwatsun murhu suka yi ƙara su kaɗai. Muryar ta ce, "To a dawo da sunan. Kwafi bakwai, da uwarsu, har saiwa."

Riikka ta zabura. "Zan iya cire sunan kaɗai, in bar sauran. Aikina ne, na iya."

Kan yarinyar ya juyo gare ta sannu a hankali. "Haka uwarki ta zata ita ma."

Kerttu ta ce, "Waɗanda suka riga suka karanta fa?"

"Sunana ba ya kwana a kan wanda ban ba shi ba. Rubutu ne ke riƙe shi."

Riikka ta lalubi sunan a ranta, ta tarar babu shi, ko harafi ɗaya.

Ilkka ya tsaya a waje cikin sanyi yana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya. Ranar ya yi maganar shekara guda. Kawu Pentti ya riga ya buga nasa a takarda, sai da aka ji ta waya ya jefa ta cikin wutar murhunsa aka rabu da shi. Saura uwar kwafin, ainihin littafin da ke cikin manhajar.

Riikka ta zauna a bakin ƙofar sauna, kwamfuta a kan gwiwa. Ta mayar da tarihin baya sau ɗaya tak. Haruffan suka fito: Riikka, ban taɓa gaya miki ba. Suka tsaya, kamar yadda Aune ke tsayawa in magana ta yi mata nauyi. Ta kalla har ƙarshe, tana kuka ba ta ɓoye ba. Sannan ta goge littafin daga tushensa, da ajiyarsa ta ko-ta-kwana, duka.

A ciki Kerttu ta zuba ludayi na ƙarshe ta ce, "Naka ne, mai gida." Tururin ya tashi, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya nufi tafki.

"Sohvi," in ji Riikka tana leƙawa ciki.

"Na'am? Mama, me nake yi a sauna sanye da safa?"

Riikka ta kamo fuskar 'yarta da hannu biyu. Ta ji maganar ta tsaya mata a maƙogwaro, daidai inda ta tsaya wa uwarta. Ta tura ta da ƙarfi.

"Ban taɓa gaya miki ba. Ranar da na haife ki ita ce ranar da na fi farin ciki a duniya."

Sohvi ta dubi ubanta, ta dubi tsohuwar. "Baba, Mama lafiya kuwa?"

"Lafiya lau," in ji Kerttu tana ɗaura ɗankwalinta. "Bar ta ta faɗa, wannan ba ya goguwa."