Cinikin Ranar Laraba

Ranar da ta fara zuwa shagon takalman Babanta riƙe da kwamfuta, sabon mai jiran shagon ya rikice, ya miƙo mata ƙafar hagu biyu ta gwada. Ta yi dariya har da hawaye.

Aikin makaranta ne ya kawo ta, za ta duba ko ciniki yana rabuwa daidai a ranaku shida na mako.

"Sunan gwajin kai-sikwaya," ta ce.

"Ni kuma? Me na yi?"

Tun daga nan take kiransa Sikwaya, shi kuma ya ce Malamata.

Da maganar aurensu ta taso, Baba ya ce sam. "Duk Larabar da na tafi saro kaya sai ciniki ya faɗi. Ba ya zaman shago."

"Dacewa ce kawai, Baba. Zan nuna maka."

Takalmi ɗari shida aka sayar. Da ranakun daidai suke, kowace ɗari za ta samu. Laraba arba'in da biyar. Sau uku tana lissafawa, sakamakon yana cewa wannan giɓin ya fi ƙarfin dacewa. Ta so ta ɓoye, amma ba ta iya ƙarya ba. Da hannunta ta miƙa wa Baba takardar da ta kori Sikwaya daga shagon.

Ta tura masa saƙo: "Sikwaya, ina kake zuwa ran Laraba? Faɗa min ko da mace ce."

"Mace ce, Malamata. Na yi mata alkawarin shiru. Ki yafe min."

Wata biyu ba ta ɗaga wayarsa ba, kuma kullum sai ta yi kuka.

Sai Mamanta ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti, nas ta dube su ta ce, "Ina ɗanku da ke kawo ta ƙarin ruwa duk Laraba? Kwana biyu ba ta zuwa."

Mama ta kama hannun Baba. "Ni na hana shi faɗa. Kai ga hawan jini, ita ga jarrabawa."

Yarinyar ta durƙushe gefen gado. "Gwajin cewa ya yi ranakun ba daidai suke ba, Mama. Bai ce me ya sa ba. Ni ce ban tsaya na ji ba."

Baba da ƙafarsa ya je ba Sikwaya haƙuri. Mama ce ta tsayar da rana, amma ana saura kwana tara biki, ta rasu.

Ran Laraba aka ɗaura auren, shago a rufe. Baba ya dafa kan angon.

"Allah Ya yi muku albarka. Ka riƙe min ita yadda ka riƙe uwarta."