Jitar Marigayi Kasonde

Su huɗu ne a shekarar 1973, dukkansu ma'aikatan mahaƙar tagulla ta Kitwe, mazauna unguwar Wusakile. Suna da murya, suna da ganguna, suna da zafin ƙuruciya. Abin da suka rasa shi ne bes, jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, wadda kiɗa ke tsayawa a kanta. Da wani injiniya Bature zai koma gida, sai ya sa tasa a kasuwa, ƙirar Amurka ta 1966. Suka haɗa albashinsu suka saya, suka miƙa wa Kasonde, don shi ne mai hannu.

Biyu daga cikinsu sun daɗe da rasuwa. Kasonde ya bi su wata biyu da suka wuce, saura Chomba mai ganga. Kasonde ya bar matarsa Mwila, da jikarsu marainiya Nsofwa mai shekara goma sha ɗaya, da gida mai ɗaki biyu, da jitar. A gaban mutane ya ce jitar ta Nsofwa ce.

Ranar Litinin da hantsi, Kabaso, ƙanen marigayin, wanda dangi suka naɗa ya kula da rabon kaya, ya shigo caji ofis da doguwar akwati. Ya dangwarar da ita a kan teburin Sufeto Sikazwe.

"Yallaɓai, ƙarar ɓarauniya na kawo. Matar yayana ce."

"Zauna tukuna. Me ta sata?"

"Jitarsa! Na kai wa Zgambo mai gyara ya gaya mini darajarta, don an ce Turawa na sayen irinta da kuɗin da zai sayi gida. Ɗagawa kawai ya yi ya ce mini wannan ba ita ba ce. Ta sayar da ta gaske, ta ajiye mana itacen wuta."

"Kai kuma me ya kai ka neman darajar kayan marainiya?"

Kabaso ya haɗe rai. "Aikina ne. Ranar Asabar dangi za su zauna. In ba ta fito da ita ba, ita da gidan nan sai dai ta hango shi daga titi."

Sufeto Sikazwe mutum ne marar gaggawa. Ya rubuta bayanin, ya sa Kabaso ya sa hannu, ya ɗauki akwatin.

Shagon Zgambo yana bayan kasuwar Chisokone. Dattijo ne, tsohon mai aikin lantarki a mahaƙa, kuma ba ya ƙaunar 'yan sanda.

"Kun zo ku ɗora mini ke nan," in ji shi. "Ko allura ta ɓata a garin nan, mai gyara ne."

"Koyo na zo yi, Baba. Yaya ake gane shekarun jita?"

Zgambo ya harare shi, amma ya ɗauko sukundireba. Ya kifa jitar a kan bargo. A bayanta akwai ɗan farantin ƙarfe mai kusoshi huɗu, shi ke haɗe wuyan da gangar jiki. Ya kwance su, ya zare wuyan, ya nuna gindinsa.

"Nan ma'aikatar ke buga hatimin wata da shekara. Ta Kasonde Maris ɗin 1966 ce, na gani da idona sau uku. Me ka gani a nan?"

"Ba komai."

"To ka fara zama mutum." Ya buɗe wajen makunnan murya. "Kowane makunni yana da lambobi a bayansa, su ke faɗin shekara da makon da aka ƙera shi. Waɗannan ba su kai shekara goma ba. Dubi waya. Ta wancan zamani rigar zare gare ta, wannan roba ce. Fentin ma da ruwan shayi da man takalmi aka tsufar da shi. Shinshina."

Sufeto ya shinshina, ya gyaɗa kai.

"Amma wanda ya yi aikin ya san jitar," Zgambo ya ci gaba. "Ga ƙunar taba a kanta, daidai inda take. Ga ramin babban yatsa. Ba aikin wanda ya kalli hoto ba ne."

Ya ɗauki farantin ƙarfen zai ajiye gefe, sai ya tsaya. Ya sa tabarau, ya juya shi a haske.

"Kai! Wannan na gaske ne."

"Ban gane ba."

"Farantin jitar Kasonde ne, ga lambobinta shida. Wane sakarai ne zai saci jita ya bar farantinta? Babu ɗan kasuwar da zai yi haka. In ba shi, mai saye zai zaftare kuɗin, ko ma ya tashi ya ba ka wuri."

"Ke nan ɓarawon bai san darajar abin ba?"

"Wanda ya san ramin yatsa ya san daraja."

Sufeto ya ce, "To ba sayarwa zai yi ba."

Da azahar ya isa Wusakile. Mwila na zaune a ƙofar ɗaki cikin baƙin zanen takaba, tana tsince ƙananan kifi. Nsofwa na tsaye a bayanta.

"Mama, jitar ta taɓa barin gidan nan bayan rasuwar?"

"Ba ta taɓa ba."

"Kin tabbata?"

"Yallaɓai, kai ma ɗan ƙasar nan ne. Ana taɓa kayan mamaci kafin dangi su raba? Tana ƙarƙashin gado tun ranar da aka binne shi, har Kabaso ya zo ya fizge ta kamar kura."

Tana magana idonta na kan kifin. Sufeto ya lura. Ya nemi takardar da dangi suka jera kayan marigayi a kai. A gaban jitar an rubuta lambobi shida.

"Wa ya ce a rubuta lambar?"

"Chomba. Ya ce a rubuta don kada wani ya musanya ta."

Sufeto ya buɗe akwatin, ya kira yarinyar. "'Yata, riƙe mini wannan."

Nsofwa ta ɗora jitar a cinya, ta zura hannun hagu a bayan wuyan, ta saki nan take.

"Ba ta Shikulu ba ce." Haka take kiran kakanta. "Bayan wuyan tasa sumul yake, hannunsa ya cinye fentin. Wannan kama hannu take yi."

"Ke ma kina kaɗawa?"

Ta nuna masa yatsu biyu na hannun dama, manuni da na tsakiya. Kawunansu sun yi kanta.

"Da farko bororo suke yi, su fashe. Shikulu ya ce kowa sai ya biya wannan kafin bes ta yarda da shi."

Washegari Sufeto ya sami Chomba a gidansa a unguwar Chimwemwe, yana cin nshima, tuwon masarar ƙasar, a gindin mangwaro. Dogon tsoho ne mai faɗin kafaɗa, shi kaɗai yake zaune.

"Kabaso ɗan iska ne," in ji Chomba, tun kafin a tambaye shi. "Bai taɓa biyan kuɗin shiga ya ji yayansa na kiɗa ba, yau shi ne masanin jita? Shi da wancan makahon Zgambo. Ku duba lambar mana! Ɗaya, huɗu, biyu, tara, sifili, bakwai. In ta yi daidai da takarda, magana ta ƙare."

"Lambar ta yi daidai."

"To me ya kawo ka?"

"Yaushe rabonka da taɓa jitar?"

"Ni mai ganga ne, yaro. Tun kafin a haife ka. Kasonde ko matarsa bai bari ta goge mata ƙura ba, balle ni."

Ya kai hannu zai gutsuri nshima mai zafi, sai ya janye da sauri, ya gutsura da babban yatsa da na zobe. A kan manuninsa da na tsakiya akwai bororo, ɗaya ya fashe.

"Me ya sami hannunka, Baba?"

"Tukunya ce."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Sufeto, ya miƙe.

Bai koma ofis ba. Wusakile ya koma. Ya tarar da Kabaso a tsakar gidan tare da wasu mata biyu na dangi, suna ƙirga kujerun gidan.

"Ka zo da ankwa?" Kabaso ya tambaya.

"Ku ba mu wuri."

Da suka fita, Sufeto ya jawo turmi ya zauna gaban Mwila.

"Mama, jiya kin yi mini ƙarya, kuma na san dalili. Kina tsoron a ce kin karya al'ada. Karya al'ada ba ya kai mutum kurkuku, sata tana kaiwa. Wa kika ba jitar?"

Nsofwa ta kama gefen zanen kakarta.

"Kwana tara da rasuwa ya zo," in ji Mwila a hankali. "Ya durƙusa a nan yana kuka. Ya ce in ba shi ita kwana uku kawai, ya yi ban kwana da abokinsa. Na aiki yarinya kasuwa, na ba shi ta ƙofar baya. Ya dawo da ita a rufe, na tura ƙarƙashin gado ban buɗe ba."

"Da Kabaso ya zarge ki, ba ki je wurinsa ba?"

"Na je. Ya ce in na buɗe baki, kaina zan tona wa asiri. Ya ce lamba za ta wanke ni."

Ranar Laraba Sufeto ya karɓo takardar izinin bincike daga kotu. Ya tafi da kofur ɗaya, da Zgambo, da Mwila da jikarta don su shaida kaya. Kabaso ya biyo su a tasi ba wanda ya gayyace shi.

Binciken bai yi tsawo ba. Kofur ya ɗaga katifa ya ciro abu naɗe cikin bargo.

"Tawa ce," in ji Chomba. "Ta gwanjo ce, duba farantin."

Farantin kuwa sabo ne fil, babu ko lamba. Zgambo ya shimfiɗa bargon a ƙasa, ya kwance kusoshi huɗun, ya zare wuyan ya miƙa wa Sufeto. Hatimin ya dushe amma yana karantuwa: Maris, 1966.

"Makaho ya gani," in ji Zgambo, don ya ji labarin sunan da Chomba ya kira shi.

Nsofwa ta shafa bayan wuyan sau ɗaya, ta kalli kakarta, ta gyaɗa kai.

Chomba ya zauna a bakin gado. Da ya yi magana, da ƙarfi ya yi.

"Mu huɗu muka saye ta! Wata guda ina cin nshima da gishiri saboda ita. Shekara goma sha biyar ina zaune a bayansa ina jin ta a ƙirjina. Duk sun mutu, ni na rage. Sai in zuba ido wannan angulu ya sayar wa Bature ya rataye a bango?" Ya nuna Kabaso da baki. "Ka rantse ba sayarwa za ka yi ba!"

Kabaso ya kawar da kai.

"Wata shida na yi ina shirya waccan, tun da ciwonsa ya tsananta. Na bar musu farantin, tunda lamba suka sani. Su riƙe lamba, ni in riƙe murya. Wa na cuta?"

"Da ka je kotu ka ce kana da rabo a ciki, da an saurare ka," in ji Sufeto. "Amma ka san ranar Asabar za a kori matar abokinka daga gidanta a kan abin da ke ƙarƙashin katifarka. Ta zo har nan ta roƙe ka. Me ka ce mata?"

Mwila ta matso gaban Chomba.

"Shekara hamsin ina zuba maka abinci a kwano ɗaya da shi," in ji Mwila.

Sufeto ya juya ga Kabaso. "Jitar za ta zauna wurinmu har a gama shari'a, sannan a miƙa wa wadda marigayi ya ambata. Zan sa ido. Ranar Asabar kuma, a gaban dangin da ka kira ta ɓarauniya, ka janye."

"Ai ta karya al'ada."

"Wannan ku ci ta tarar kaza. Gida dai nata ne."

Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Ya kama hannun tsohon ya tashe shi. Maƙwabta sun cika bakin ƙofa, wasu na tsaki, wasu na leƙe. Da suka zo daidai Nsofwa, Chomba ya tsaya.

"Jikata, kada ki ja tsirkiyar da ƙarfi. Kakanki shafa ta yake yi."

"Na sani, Baba Chomba," in ji ta.

Aka sa shi a mota, aka tafi da shi.

Nsofwa ta tsaya riƙe da hannun kakarta har motar ta sha kwana. Ta gane cewa tsohon yana ƙaunar kakanta da gaske, kuma duk da haka da ya bari an kore su daga gida.