Kujerar da Juliana Ke Shafa wa Mai

Sunana Zakariyya'u, gyaran kujeru nake yi a unguwar Romi. Na buɗe cikin kushin iri-iri a rayuwata, amma abin da na ciro daga kujerar Samson, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Abin da ban gani da idona ba, shi ya faɗa mini da bakinsa, lokacin da sauran hankali a jikinsa.

Samson ma'aikacin wani kamfani ne a Kudenda. Da aka rage ma'aikata sai ya koma wankin kujeru gida-gida, da bokiti da tsumma. Matarsa Juliana ta riƙe gidan da keken ɗinki. Mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Mama, da ƙanwarta Vicky suna zaune tare da su. Ba su taɓa kwana da yunwa ba. Sai dai aikin nan yana shigar da Samson falon masu hali, ya durƙusa yana goge inda wasu ke zama, ya fito zuciyarsa na tafasa.

A haka ya faɗa gidan Harrison, abokinsa tun na ƙauye, wanda ya yi kuɗi farat ɗaya da motocin dakon mai. Gidan shiru kamar an share. Matar Harrison ta rasu, 'ya'yansa biyu sun bi ta, gari na ta tausaya masa.

"Kai da muka yi kiwon awaki tare, kai ne yau kake goge mini kujera?" in ji Harrison. "Haba! Gobe ka shirya, zan kai ka inda aka kai ni."

Da rana tsaka suka ajiye mota a bayan Rido, suka taka har gindin wani dutse da ya tsage biyu. A cikin tsagar an rataye fatu, na akuya, na jaki, da wasu da Samson bai so ya gane ba. Duk a jiƙe suke kamar yanzu aka feɗe, amma babu ƙuda ko ɗaya. Ga wata baƙar tukunya a kan murhu, ba wuta a ƙarƙashinta, man da ke ciki kuwa sai tafarfasa yake. Ga wani boka yana zaune a kan turmi a kife, tsoho ne mara gira.

"Me kake nema?"

"Arziki, Baba. Amma ba zan yanka kowa ba. Ni ɗan coci ne."

"Da 'yan coci da 'yan masallaci, duk a nan suke tuɓe takalmi. Wa ya miƙa maka wuƙa? Abokinka zai ba ka kujerar falonsa. Duk Talata a shafa mata wannan mai. Ba da hannunka ba, da hannun wanda ya yarda da kai, bai kuma san komai ba. Sannan ka rubuta mini suna uku, na masu ci daga tukunyarka."

"Me zai same su?"

"Za su zauna."

"Sai kuma me?"

"Wanda ya zauna ai hutawa yake yi."

Samson ya gane sarai. Amma bai tashi ba.

"Baba, a bar shi a ɗaya."

"Nan ba kasuwar Kakuri ba ce."

"To, lallai sai jinina?"

"Na ce masu ci daga tukunyarka."

Yana da ƙanne biyu a ƙauye da yake ciyarwa. Bai rubuta su ba. Ya rubuta wasu sunaye, bokan ya naɗe takardar ya ɗinke ta cikin fata. Tambaya ɗaya ce Samson bai yi ba: in ukun sun ƙare fa?

Kujerar ta iso Romi a bayan a-kori-kura. Ta hannu ce, mai zaman mutum uku, fata ruwan ƙasa, hannayenta sun koɗe sun tsattsage, tana warin fumfuna. Juliana har da rawa, don ba ta taɓa mallakar irinta ba. Samson ya zaunar da ita ya koya mata aikin.

"Kada omo ya taɓa ta, kada ki kai ta rana. Ki fara kakkaɓe ƙura daga lungunan. Ki jiƙa tsumma mai laushi, ki matse shi sosai, ki goge, ki bar ta ta sha iska. Sannan ki lakato wannan man da yatsa, ki murza a hankali har ya shige. Man kaɗanya ne na musamman."

Ita kuwa mace ce mai tsabta. Ba ta taɓa tsallake Talata ba. Tana murzawa tana waƙar coci, shi yana tsaye a kanta yana nuna mata inda bai ji mai ba.

Kafin wata uku otal-otal suka fara nemansa. Kafin shekara ya buɗe katafaren shagon kujerun ƙasar waje a Sabon Tasha, ya gina gida, ya sayi mota. An canja komai na falo, ban da kujerar nan.

Mama ce ta fi son ta, saboda ciwon baya. Juliana da kanta take jan hannunta, "Mama, zo nan, ta fi laushi." Tsohuwa ta riƙa ramewa, kujera ta riƙa cika. Tsagun hannayenta suka haɗe kamar miki ya warke. Wata Laraba da la'asar aka tarar da Mama a zaune, littafin waƙoƙi a cinyarta, jikinta ya yi sanyi. A wurin binnewa babu wanda ya kai Samson kuka.

Sai Vicky, wadda ke karatun aikin jinya, kullum tana bitar littattafanta a kan kujerar. Ta fara cewa tana jin numfashi a ƙarƙashinta. Ta fara dirje jikinta da soso har jini, wai fatar nan ba tata ba ce. Ran nan ta wawuri almakashin yayarta ta farke gindin kujerar tana ihu, "Mama tana ciki! Ku fito da ita!" Maza huɗu suka danne ta. Kwana uku ta yi a asibiti, ita ma ta cika.

Bayan an share makoki Samson ya tafi Legas ɗauko kaya, ya gargaɗi Juliana kada kowa ya taɓa kujerar. Amma yagar tana tsaya mata a rai, sai ta aiko aka kira ni.

"Malam Zakari, don Allah ka ɗinke mini ita kafin ya dawo. A kanta Mama ta cika, ba na son in gan ta haka."

Na lura wuyanta ya zurma. Na kifa kujerar, na cire baƙin yadin da ke ƙasa. Soson ciki a jiƙe yake, da ɗumi kamar cikin dabba. Na zura hannu na ciro layu biyu. Da na san abin da ke ciki da ban farke su a gabanta ba.

Ta farko sunayen matar Harrison ne da 'ya'yansa. Ta biyu Juliana ta karɓa daga hannuna. Ta san rubutun, da shi aka yi mata wasiƙun neman aure. Sunan Mama, sunan Vicky, sai nata.

Ba ta yi kuka ba. Ta roƙe ni in dawo ranar da Samson zai iso, don ta ce ba za ta iya tsayawa da shi ita kaɗai ba. Da hantsi ya shigo, ya ga kujera a kife, jakarsa ta suɓuce.

"Samson, rubutun wa ne wannan?"

"Juli, ki saurare ni. Don mu na yi. Ina neman yadda zan cire sunanki."

"Nawa kaɗai? Uwata ta sayar da akuyarta ta saya maka bokiti da tsumma lokacin da aka kore ka. Vicky ta kira ka Baba." Ta ɗaga hannayenta tana kallon su. "Da ma kai ka yi da naka hannun. Ni ka sa. Ni nake shafa man, ni nake jawo ta in zaunar. Kana tsaye a kaina kana cewa nan bai ji ba, ƙara. Me ya sa ba ka rubuta naka ba?"

Ta fita da kayan jikinta, ko takalmi ba ta tsaya sa wa ba. Da yamma dattawan cocinsu suka sa aka ja kujerar fili aka cinna mata wuta. Ƙaurin da ya tashi ba na soso ba ne.

Samson ya ruga wurin Harrison. A bakin get ya tare shi, bai bar shi ya shiga ba.

"Kai ɗan'uwana ne, me ya sa ka yi mini haka?"

"Ukuna sun ƙare, saura ni. Baba ya ce in kawo wanda ya yarda da ni. Na duba duk garin nan, kai kaɗai ne. Kai ma ai ba ka sha wahalar samun naka ba."

Samson ya koma bayan Rido, ya tarar da dutse kawai. Cikin mako guda fumfuna ta cinye kayan shagonsa, fatu suka riƙa saɓulewa kamar an dafa su. Gida da mota suka bi. Harrison ma bai ga ƙarshen damina ba, a cikin motarsa aka tsinci gawarsa.

Juliana tana raye, ta koma garinsu. An ce har yau ba ta shafa mai a jikinta.

Samson kuwa yana nan bakin titin Romi. Ba ya zama. Shekara biyu ke nan a tsaye, a jingine da bango yake gyangyaɗi, ƙafafunsa sun kumbura sun fashe. In mai tausayi ya turo masa benci sai ya kwarma ihu ya ja da baya.

Kai mai hangen falon wani kana haɗiyar yawu, ka ji da kyau. Babu bokan da ke ba da kyauta, kuma ba daga jikin maƙiyinka yake yankan rabonsa ba. Daga wanda ya ba ka amana yake farawa, a kanka yake ƙarewa. Tabarmar da ka saya da guminka ta ishe ka. Allah Ya raba mu da kwaɗayin da ke sa mutum ya ci nasa.