Saƙon Murya Kafin Jirgi

Ukasha ya fara ganin Mukarrama ranar da jirgin kaya ya take shanun mahaifinta tara a mahadar layin dogo kusa da Dandamisa. Tana tsaye riƙe da wayar uban, ba ta kuka.

Aikin Ukasha sanarwa ne. Na'urar tasha ta nuna masa inda jirgi yake, shi kuma ya tura wa manoma da makiyaya saƙo. Ran nan ma ya tura, amma a rubuce.

"Baffa ba ya karatun boko," ta ce. "Ni ke karanta masa. Na kai nono Makarfi, yanzu na dawo."

Washegari ya roƙe ta ta riƙa faɗin sanarwar da muryarta, da Hausa da Fulatanci. Ta yarda. Wata huɗu ba a rasa ko akuya ba.

"Malamata," in ji Ukasha a waya, "jirgi ya bar Zariya. Ki gaya wa jama'a, sannan ki gaya mini ko kin karya."

"Ɗan tasha, na gaya musu. Kai kuma sai ka zo gida ka tambaya."

Ya je. Mahaifinta, Malam Sada, bai shimfiɗa masa tabarma ba.

"Kai ne ka rubuta wa shanuna takarda?"

Akwai kuma Yahya, ɗan wan Malam Sada, mai son ta tun tuni. Shi ya kai maganar cewa muryar Mukarrama na aljihun kowane namiji daga Kudan har Ikara. Malam Sada ya ƙwace wayarta. Yahya ya toshe lambar tasha a wayarsa.

Ukasha ya ci gaba da sanarwa da ɗan Fulatancin da ta koya masa. Makiyaya na dariya, amma suna tsayawa.

Wata Laraba da hantsi, Malam Sada na kora sauran garkensa zuwa mashaya, wayar ta yi magana a aljihunsa. Ya tare shanun. Yahya na gaba da nasa, bai ji komai ba, jirgi ya take shi. Da la'asar aka yi jana'izarsa.

Bayan sadakar arba'in Malam Sada ya zo tasha da kansa.

"Fulatancinka ba ya jiyuwa, yaro. Turo magabatanka."

An ɗaura aure ranar Juma'a, babu kiɗa. Malam Sada ya miƙa wa 'yarsa wayarta.

"Allah ya yi muku albarka. Ki ɗaga murya, kowa ya ji."