Idon da Ke Bayan Dutsen Kwalli

A Ƙaura Namoda, bayan tashar jirgin ƙasa, akwai gidan wani ɗan kasuwar hatsi mai suna Halilu. Matarsa Lauratu tana da wani dutsen niƙan kwalli, baƙi sumul, bai fi tafin hannu ba. Gadonsa ta ci daga kakarta, wadda ta je Makka da ƙafa a zamanin da, ayarinsu ya ratsa ta ƙasar Masar, ta tsinto shi cikin yashi a bakin kogi. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarsu, a kansa ake niƙa kwallinsa na farko. A bayan dutsen akwai zane: ido guda dogo mai wutsiya, da wani mutum tsaye mai kan shaho. Mata sun san da zanen, ba su taɓa ɗaukarsa komai ba sai ado.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara, wata rana da almuru, Lauratu ta niƙa kwalli ta cika tandun ɗiyarta Salima, budurwa mai manyan idanu. Ta wanke dutsen, ta kife shi a bakin rijiya ya sha iska. Kaji na shiga akurki, hayaƙin tuwo ya kwanta a tsakar gida. Sai ga Halilu ya shigo neman buta. A lokacin kuwa ba wanda ya kai shi zafi a unguwar, ko kiɗan ƙwarya ya ji sai ya je ya tsawatar.

Ya duƙa, ya ɗauki dutsen, ya daɗe yana kallo.

"Gunki! Gunki cikin gidana, ina yawo ina yi ma mutane wa'azi?"

"Baban Salima, dutsen kwallin kakata ne. Kai ma ɗiyarka da shi anka yi mata na suna."

"Shi ya sa ba ta jin magana!"

Ya ɗauko gatari. Sara guda, dutsen ya rabe biyu, daidai tsakiyar idon. Ya kwashi gutsattsarin ya nufi bayan gida ya watsa su cikin shadda, ana tsakiyar kiran magariba, ko bisimilla bai yi ba don fushi. Lauratu ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da muciya, zuciyarta na tafasa kamar tukunyar da ke gabanta.

Ba a idar da salla ba dutse na farko ya faɗo kan rufin kwano. Halilu ya fita da sanda yana zagin 'ya'yan maƙwabta, bai ga kowa ba. Jifan ya ci gaba, kuma ba daga waje yake zuwa ba, daga bayan gida yake tasowa. Kowane dutse jiƙe yake, yana ɗoyi.

Haka suka yi kwanaki. Da rana lafiya lau, da rana ta yi ja sai kaji su ƙi shiga akurki, sai jifa, sai wata murya can ƙasan shadda tana gunaguni cikin harshen da ba Hausa ba, ba Fillanci ba, ba Larabci ba. Sannan idon Salima na hagu ya fara ja. Ya kumbura, ya rufe, yana zubar da baƙin ruwa kamar narkakken kwalli. A asibiti aka ba su maganin ɗigawa, bai yi komai ba. Ranar da yarinyar ta juyo da wuyanta kamar tsuntsu, ta dubi ubanta da ido guda, ta yi ƙara irin ta shaho, Lauratu ta yafa mayafi.

"Ina za ki?"

"Zurmi, wurin Malam Shu'aibu. In ka hana ni, sake ni tun yanzu. Ka fasa dutse, ba ka fasa min ɗiya."

Malam Shu'aibu tsohon malami ne mai ruƙiyya, ya yi karatu a Masar da ƙuruciyarsa. Da la'asar sakaliya kabu-kabu ya sauke shi da Lauratu a ƙofar gida. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, mata biyu maƙwabta suka riƙe Salima, ya fara karatu a hankali, ba ɗaga murya. Inuwa ta yi tsawo. Can sai jikin yarinyar ya sandare, bakinta ya buɗe, wata murya mai kauri ta tsohon namiji ta fito.

"Bar ƙona ni, tsoho! Ni anka zalunta."

"Wane ne kai?"

"Ni? Sarakuna sun yi min sujada a bakin kogin Nilu. Sun sassaƙa ni da kan shaho, sunka ce rana da wata su ne idanuna. Ɗan'uwana sunka ba shi kan dila, shina auna zukatan matattu da gashin tsuntsu. Wata kan kyanwa, wani kan kada. Ko buzuzu mai tura kashi ya samu masu durƙusa mai. Yau ni ne cikin shaddar mai awon gero!"

"Ƙarya kake," in ji Malam. "Na ga gumakan nan da idona, an jera su Turawa na ɗaukar hoto. Kai ba ubangiji ba ne. Aljani ne, ka laɓe bayan dutse kana cin yanka. Bawa kake kamar ni."

Muryar ta yi gurnani, har ƙasar tabarma ta motsa. "To, na ji. Amma tun kakar matar ga nike zaune lafiya, ban taɓa ko akuya ba. Kun ce shari'a ta zo garinku, ko ba haka ba? Ya fasa min ido. Ido da ido. Na ɗiyarsa nika so, na hagu."

Lauratu ta zabura. Ba ta san lokacin da ta matso ba.

"Kai, la'ananne! Yarinyar ga ita tad ɗauki gatari? Ga mai gatarin can zaune da idanunsa biyu!"

Halilu ya sunkuyar da kai.

Malam ya ɗaga mata hannu. "Tunda shari'a ka kira, shari'a za mu yi. Ba a kama ɗiya da laifin uba. Dutse kuma ba ya da idon da za a rama. Sannan dutsen ba naka ba ne, na Lauratu ne, kai baƙo ne da ba a gayyata ba. In akwai mai ƙara a nan, ita ce." Ya juyo. "Lauratu, mi kike so?"

"Dutsena. A fiddo min shi."

"Da hannunsa!" muryar ta daka tsawa. "Wanda yaj jefa shi ya shiga ya ɗauko. A kai ni gulbi a rufe cikin yashi, in tafi."

"Ba don kai za a yi ba," in ji Malam. "Haƙƙin matarsa ne zai mayar. Halilu, ka ji."

Halilu ya miƙe. "Allah gafarta Malam, ni? A kira masu kwasar shadda, ko nawa ne in biya. Gobe da wane ido zan shiga kasuwa?"

"Da guda biyu," in ji Lauratu. "Ita fa?"

Ya dubi Salima, baƙin ruwa na gangarowa a kumatunta. Ya tuɓe rigarsa ya jefar. Aka fasa daɓen shadda, maƙwabta suka ɗaura masa igiya a ƙugu, ya yi bisimilla da ƙarfi, suka zura shi da fitila. Ana jin kakarin amansa daga ƙasa. Rana ta faɗi, gari ya yi duhu-duhu, Malam bai bar karatu ba. Da aka jawo shi, hannayensa biyu a dunƙule suke. Malam ya sa aka ɗauraye gutsattsarin. Lauratu ta juya su a tafinta, ta dubi tsagaggen idon, ta ƙulle su a tsumma ta miƙa wa maƙwabcinsu Jafaru, ta ce ya kai gulbin Gagare ya binne tun kafin isha.

"Saura alkawari," in ji Malam. "Fita."

"Zan fita," muryar ta yi laushi kamar mai lallashi. "Ta idon zan bi, nan ne kusa."

Malam ya san in ya bi ta nan, idon ya tafi ke nan. A karo na farko ya ɗaga murya. "Ta ɗan yatsan ƙafa za ka fita, maƙaryaci! In ba haka ba, wallahi in karanta maka har ka zama toka a cikinta!" Ya dafa goshin yarinyar ya ɗora ayoyi ɗaya bisa ɗaya, ba numfashi. Salima ta banƙare, ta yi ƙara. Wata rawa ta kama fuskarta, ta sauka ƙirji, ta sauka gwiwa. Ƙafarta ta hagu ta yi ta karkarwa, ƙaramin yatsan ya miƙe, sannan ya saki. Wata iska mai zafi ta bi ta kan katanga, ta yi wajen gulbi.

Lauratu ta wanke fuskar ɗiyarta da ruwan tofi. Fatar idon ta motsa, ta buɗe kaɗan. Uwar ta sa tafinta ta rufe mai lafiyar.

"Salima, mi kike gani?"

Yarinyar ta ƙifta, ta ƙara ƙiftawa. "Inna, wani ne tsaye bakin rijiya, baƙi ƙirin har gemu." Ta ƙura ido. "La! Baba ne."

Sai a lokacin Lauratu ta fashe da kuka, ta rungume ta. Halilu ya yi gyaran murya, a hankali ya ce, "Lauratu, a taimaka min da ruwa."

Ba ta ko waiwayo ba. "Ga rijiya nan, ga guga. Hannunka ai ba ya jiran shawara."

Ya duƙa ya ɗauki gugan. Allah Ya tsare mu da fushin magariba.