Baƙin Man da Aka Zubar da Magariba

Rana ta faɗi, inuwa ta cinye tsakar gida, Dogo yana kwance ƙarƙashin tsohuwar motar dizal da mahaifinsa ya mutu ya bari. Shekara bakwai ya yi a waje, kwana tara da dawowarsa har gidan ya ishe shi. Da motar zai sake ficewa ya yi haya. Injin irin na da ne, ba ya mutuwa, sabon mai kawai yake so da filta. Ya ɗumama shi, ya kwance noti, baƙin mai ya zuba a kwano yana turiri.

"Ka bari sai da safe ka zubar," in ji Umma.

"Umma kenan. Kwata ce fa."

Ya kwara shi a magudanar bayan banɗaki, ko bisimilla babu.

Shiru ya sauka, har kaji suka daina motsi. Sai sifana ta taso daga ƙasa ta fasa gilashin taga. Notuna suka riƙa zubowa daga sama, ɗaya ya tsaga masa gira. Ƙanwarsa Auta ta fito daga kicin tana tafiya kamar an ɗaure mata gwiwa. Da hannu ɗaya ta shaƙe shi ta maka da bango. A kumatunta ƙuna tana tasowa, ba wuta kusa.

Maƙwabta maza huɗu suka danne ta kafin Malam, mai ruƙiyya na unguwar, ya iso. Ya zauna a kanta yana karatu, bai ɗaga murya ba, har ta fara gurnani.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai gidan magudana." Muryar tsoho ce, mai kauri. "Muna cin abinci ya zubo mana wuta. 'Yata ba ta da fuska yanzu. Ta wannan zan ɗauka."

Wata ƙunar ta fashe a goshin Auta. Umma ta kurma ihu.

"Ni na zuba! Ka kama ni!" in ji Dogo.

"Kai? Me ka taɓa zama ka riƙe da zan ƙwace?"

Malam ya ci gaba da karatu har jikin Auta ya hau karkarwa. "Yarinya ba ta yi maka komai ba. Faɗi wani abin."

Muryar ta ce, "Ya lalata mana gida. Ya ba mu waccan motar."

Dogo ya dubi motar, ya dubi ƙanwarsa. Ya ciro makulli ya ajiye a ƙasa.

Auta ta yi atishawa ta sulale. Nan take injin ya tashi da kansa, yana ƙara yana ƙara hawa, farin hayaƙi ya rufe gidan, har ƙarfe ya ɓalle ya huda bonet. Motar ta durƙusa ta yi tsit.

Umma ta miƙa masa kwano ba ta dube shi ba.

"Ɗebo ruwa. Kai za ka riƙa wanke mata ciwon nan safe da yamma, har ya warke."