Ke Taka Kuloci, Ni In Sa Giya

"Ki mayar wa Babanki makullin motarsa, Nives."

Ermes ya ajiye mata shi a tafin hannu, bai yarda sun haɗa ido ba. Ya dogara sandarsa ya juya, ƙafar hagu na jan ƙasa.

"Ermes... bikinmu ya kusa fa!"

"Da wace ƙafar zan taka kuloci?"

Ya shige sabuwar motarsa mai canja giya da kanta, ta sulale da shi ko ƙara babu.

Kowa a garin ya san al'adar gidan su Nives. Duk wanda ya auri 'yar gidan, shi zai tuƙa jar motar tseren kakanta daga ƙofar coci har gidansu a kan tsauni, mutane na tsaye a kowace kwana suna sauraron yadda yake canja giya. Shi kuwa Ermes, tun da babur ya kayar da shi bara, gwiwar hagunsa ta ƙi lanƙwasuwa.

"Baba, to ya kai ni a tasa mana," in ji Nives suna cin taliyar rana. "Ai ta fi taka gudu ma."

Babanta Gualtiero ya dire cokali. "Wannan kujerar falo ce aka sa wa taya! Motar da ke yi wa mutum tunani? Ba a bikin 'yata ba."

Loris, makanikinsa da ya daɗe yana son ta, ya gyara zama. "Ni dai ƙafafuna biyu lafiya lau, maigida."

Ta tashi ta bar abincin.

Kwanaki suka yi ta shuɗewa. Ta kira Ermes, shiru. Ta sake kira, shiru...

Rigar amarcinta na rataye a bayan ƙofa, har ta daina kallon wajen. Kullum da rana sai ta shiga gareji ta zauna a kujerar gefe cikin jar motar, inda matan gidansu ke zama tun zamanin kakarta. Tana shaƙar ƙamshin tsohuwar fata, tana kallon kujerar direba babu kowa.

Ran Lahadi ta gaji da kallon. Ta zagaya ta zauna a kai.

Ta murza makulli, motar ta yi tsalle ta mace. Ta sake tayarwa. A gaban mai burodi ta ƙara macewa, tsofaffin da ke shan kofi suka tafa mata. Haka ta ja ta, giya na kuka, har ƙofar su Ermes.

Ya fito a fusace, sanda na gaba yana baya.

"Wane mara imani ne ke kashe motar nan?"

Ya yi turus.

"Nives! Za ki kakkarya haƙoran giyar!"

"To zo ka sa da kanka. Ƙafa ina da ita, hannun ne babu."

Ya daɗe a tsaye kafin ya buɗe ƙofar gefe ya zauna.

"Loris ya ce tausayina kawai kike ji."

"Tausayi ne ya sa na sato motar Baba, gari duk na yi mini dariya?" Muryarta ta karye. "Ni kaɗai nake zama a cikinta, Ermes. Kullum ni kaɗai..."

Ya ɗora hannu a kan sandar giya.

"Share hawayen, masoyiyata, hanya za ki kalla. In na ce taka, ki taka."

Suka kama hawan tsauni.

"Taka!"

Ta danna kuloci, ya zura giya.

"Saki... a hankali, rabin raina, ba ƙwallo ba ce!"

Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Suka tarar da Gualtiero a bakin ƙofa, ya kasa kunne, idonsa a lumshe.

"Wannan hannun Ermes ne," ya ce.

Da ya buɗe ido ya ga wadda ke riƙe da sitiyari, sai ya matso kusa da motar.

Ya leƙo ta taga.

"Ke, a kwanar ƙarshe kin yi saurin sakin kuloci."

"Baba..."

"Ku koma ƙasa ku sake hawowa. Ba za ku ba ni kunya ranar biki ba."